Tarihin Noman Albasar Gasa a Birtaniya

Albasar gasa ita ce wadda ake nomawa domin a kai ta baje kolin amfanin lambu, inda alƙalai za su duba kyanta ko su ɗora ta a kan sikeli. Al'adar ta fi ƙarfi a arewacin Ingila da Sikotland, kuma mafi yawan masu yin ta ba manoman kasuwa ba ne. Mutane ne masu ɗan fili a bayan gida ko ɗan lambun haya a gefen gari.

Gasar amfanin lambu a Birtaniya ta girmi gasar albasa. Tun ƙarni na 18 masaƙa da sauran masu sana'ar hannu a Lancashire da Cheshire suke haɗuwa a mashaya suna gwada furanni da wani ɗan itace mai tsami da ake kira guzberi, wanda ake auna nauyinsa ƙwara-ƙwara. Gasar guzberi ta ƙauyen Egton Bridge da ke Yorkshire ta faro a 1800, har yau kuma ana yin ta. A arewa maso gabas kuwa, masu haƙar kwal na Durham da Northumberland suka rungumi lik, wani ɗan'uwan albasa mai kaurin farin wuya da ba ya yin kai. Mutumin da ya wuni a ramin kwal cikin duhu, idan ya fito, lambunsa ne wurin shan iskarsa. Masu haƙar kwal ɗin suka kafa ƙungiyoyi, kowa yana zuba ɗan kuɗi duk shekara, a ƙarshen bazara a yi gasa a raba kyaututtuka, sau da yawa kayan ɗaki. Abin ya yi zafi har wasu kan kwana a lambu suna gadi idan gasa ta matso, don gudun mai hassada ya shigo da wuƙa cikin dare. A gefen teburin lik ɗin nan albasa ta samu wurin zama.

Iri uku ne suka ɗauki nauyin tarihin. Gidan W. Robinson & Son, wanda aka kafa a 1860 a Forton kusa da Preston, shi ya fitar da irin da ake kira Mammoth, bayan shekaru ana zaɓen kan da ya fi girma ana mayar da shi ƙasa ya yi iri. A 1887 David Murray, mai kula da lambun fadar Culzean a Sikotland, ya fito da Ailsa Craig, wadda ta ci sunan wani tsibirin dutse da ake hangowa daga gaɓar tekun yankin. Na uku shi ne Kelsae, wanda kamfanin Laing & Mather na garin Kelso ya samar a shekarun 1950. Yawancin manyan albasar da suka kafa tarihin nauyi daga zuriyar Kelsae suka fito.

Da tafiya ta yi nisa sai gasar ta rabu gida biyu. A ɓangaren kyau, ana jera kawuna uku ko biyar, alƙali ya duba ko girmansu da siffarsu da launinsu sun zo ɗaya, ko ɓawon ya nuna sosai babu tsagewa, ko wuyan siriri ne kuma kan yana da tauri. Ana cire albasar makonni kafin ranar domin ta bushe a inuwa, a datse saiwa, a naɗe wuyan da zaren tukurwa. Ƙungiyar masu lambu ta masarauta, RHS, wadda aka kafa a 1804, tana da littafin ƙa'idojin alƙalanci da ya raba albasa gida biyu a kan giram 250, ya kuma sa manyan a cikin kayan lambun da suka fi wuyar nomawa. A 1960 aka kafa ƙungiyar kayan lambu ta ƙasa, NVS, da nata alƙalan. A ɓangaren nauyi babu wannan dogon bincike: muddin kan lafiyayye ne bai ruɓe ba, sikeli ne ke yanke hukunci. A ganina ɓangaren kyau ya fi buƙatar gwaninta, domin samun kawuna biyar kamar an tsaga kara ya fi samun ƙato guda wuya, amma ƙaton ne jaridu suke ɗaukar hotonsa.

Babban dandalin masu nauyi shi ne baje kolin furanni na kaka na Harrogate. A can John Sifford ya kai kusan kilo 7.5 a 2005. Peter Glazebrook na Nottinghamshire ya karɓe kambun a 2011 da kilo 8.15, ya ƙara kaɗan a 2012. Tony Glover ya kai kilo 8.5 a 2014. A watan Satumba na 2023 Gareth Griffin, mutumin tsibirin Guernsey, ya kawo kan albasa mai kilo 8.97, wato nauyin albasar miya fiye da arba'in a kai guda.

Sirrin girman yana cikin lawashi. Kowane ganye da ya fito shi ne zai zama zobe ɗaya a cikin kan, don haka burin mai lambu shi ne albasa ta tara ganye masu yawa da faɗi kafin ta fara yin kai. Abin da ke sa ta fara kai kuwa tsawon yini ne. Irin su Kelsae sai yini ya kai awa 14 zuwa 16 suke kumbura, abin da bazarar Birtaniya ke bayarwa. Albasar Galmi da ta Aliero nasu lissafin daban ne, awa 12 ta ishe su, shi ya sa irin gasar Ingila ba zai yi abin kirki a fadamunmu ba.

A da al'ada ce a yafa iri washegarin Kirsimeti. Masu neman nauyi a yau tun Oktoba ko Nuwamba suke farawa, a ɗakin gilashi mai ɗumi, ƙarƙashin fitilun lantarki da ke tsawaita yini. Ana sauya wa dashen tukunya sau da dama, ana tokare ganye kada ya karye, sannan a dasa a cikin rumfar leda. Ruwa sai da awo, domin idan ya yi yawa bayan ƙasa ta bushe ɓawo yakan tsage, wahalar wata goma ta tashi a banza. Kuɗin wuta da na kayan aiki ya sa gasar nauyi ta yi nisa da aljihun irin ma'aikatan da suka raine ta, kodayake ƙananan gasannin ƙauye da na masu lambun haya suna nan suna gudana kowace kaka.

Kan da ya ci gasa ba kasafai yake shiga tukunya ba. Mai shi yakan ajiye shi ya sake dasawa, domin albasa sai a shekara ta biyu take fure ta ba da iri. Shi ya sa a kasuwar irin gasa ake jin Kelsae tare da sunan mutumin da ya yi shekaru yana tace ta a lambunsa.