Giram 5 da giram 500

Jiya a aji muna tattauna hukuncin masu laifin ƙwaya, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai doka ba ruwanta da ɗan wane, alƙalai ne ke son kai." Yawancin ajin suka yarda da ita. Na ce to ku tsaya ku ji labarin Amurka, inda a cikin dokar kanta aka rubuta bambancin.

A watan Yunin 1986 wani ɗalibin Jami'ar Maryland, Len Bias, gwanin ƙwallon kwando, ya mutu sanadiyyar hodar iblis, kwana biyu kacal bayan ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Ƙasa ta ruɗe. Ga zaɓen majalisa na tafe a Nuwamba, kowane ɗan siyasa na so a ga ba sani ba sabo. Kafin Oktoba ya ƙare Reagan ya sa hannu a sabuwar doka.

Ga abin da ta ce: wanda aka kama yana safarar giram 5 na kirak, wato hodar da aka dafa ta dunƙule ake zuƙa, shekara 5 ne mafi ƙaranci. Mai garin hodar kuwa sai ya kai giram 500 kafin ya sha wannan hukuncin. Sinadari ɗaya ne fa! Sai dai kirak araha gare ta, a unguwannin talakawa ake sayar da ita, garin kuma na masu hannu da shuni ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure kan kirak baƙaƙe ne. Kuma alƙali ko ya tausaya, dokar ta ɗaure masa hannu.

Abin takaici, Bias ɗin ma garin ya sha, ba kirak ba.

A 1995 hukumar tsara hukunci ta ƙasar ta ce a daidaita, majalisa ta ƙi. Sai 2010 zamanin Obama aka rage tazarar daga 100 zuwa 18, waɗanda ke ciki tun da kuma sai 2018 dokar da Trump ya sa wa hannu ta ba su damar neman sassauci.

Da na gama sai wani daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, su da suka yi shekara 20 a ciki fa, wa zai biya su?" Wallahi shiru na yi, har lokaci ya cika.