Itacen girki da haƙƙin manomi

Tun kaka da kakanni, itace da kara da kashin shanu ne makamashin murhu a ƙasar Hausa, kuma har yau da itace mafi yawan gidajen Nijar ke girki. Masana na kiransa makamashi mai sabuntuwa, amma daji ba ya sabuntuwa sai an bar shi ya tofo.

Dokar Turawan Faransa ta 1935 ta damƙa daji a hannun hukuma. Manomi ya zama baƙo ga gawon da ke gonarsa. Don gudun tara, sai ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da gonaki tsirara.

A 1984 aka yi taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarun nan ne sassaben zamani ya fara bazuwa: a bar kututture ya tofo, a rage rassa, a yi girki da su. Dokar 1992 kuma ta kafa kasuwannin itace na karkara, ƙauyuka suka samu rabonsu. Cikin shekara 20, wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Murhu bai daina cin itace ba. Abin da ya sauya shi ne, manomi ya san itacen nasa ne.