Jitar 'Yan Koyo: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Mu da muka saba da waƙoƙin Kannywood, daga Kano har Birnin Kudu da Gwaram, fiyano muka fi sani. To amma akwai wata tsohuwar jitar lantarki da makaɗan duniya ke rububinta, ita ce jitar 'yan koyo.

Asalinta: Kamfanonin Amurka ne suka ƙera ta domin yara masu koyon kiɗa. Gibson ya fitar da Les Paul Junior a 1954. Fender ya biyo baya da Musicmaster da Duo-Sonic a 1956, sai Mustang a 1964.

Siffarta: Ba ta da nauyi, ba ado mai yawa. Tsawon tsirkiyar na Fender inci 22.5 ne ko 24, maimakon 25.5 na manyan jitocinsa, don haka yatsun yaro ke kaiwa ba wahala.

Farin jininta: Da farko arharta ce ta ja matasan makaɗa marasa kuɗi, daga baya suka ƙi rabuwa da amonta. Yau kuwa masu tara kayan tarihi sun sa ta yi tsada, musamman wadda ba a sauya mata fenti ba. Mustang ɗin Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana, sama da dala miliyan 4 aka saye ta a gwanjo a 2022.

Kar ka raina kayan kiɗan da ka fara da su. Ai Ɗan Maraya Jos ma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.