Daga zauren majalisa zuwa Unguwar Tudu: wa ke riƙe da mukullin ƙaramar hukuma?

Ranar Laraba, 8 ga Mayu 2019, Majalisar Dokokin Jihar Kano, ƙarƙashin Kakaki Kabiru Alhassan Rurum, ta amince da dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu: Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano. A ranar Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu. Mutanen Unguwar Tudu, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, da safe talakawan Sarkin Kano ne, kafin su kwanta sun zama na Sarkin Ƙaraye. Haka maƙwabtansu na Kabo. Bayan shekara biyar, ranar 23 ga Mayu 2024, majalisar ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, Gwarzo da Kabo suka koma ƙarƙashin Kano. Da aka sake maido da Ƙaraye a watan Yuli na shekarar a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomi biyu kacal aka ba ta, Ƙaraye da Rogo.

Rikicin sarauta shi ya cika gidajen rediyo, amma ikon majalisar jiha a kan ƙaramar hukuma ya wuce maganar inda hakimi zai kai gaisuwar Sallah. Dokarta ce ke faɗin yadda za a zaɓi ciyaman da kansiloli, da shekarun da za su yi, da yadda za a raba kuɗin da ya zo musu daga Abuja. Hatta majalisun masarautu, da wani kaso na kuɗin ƙananan hukumomi ake tafiyar da su. Wannan iko yana da tarihi, kuma yammacin Kano ta ga kowane babi nasa.

Daga En'e zuwa gyaran 1976

A zamanin En'e hanyar mulki ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Mai unguwa ya ƙirga magidanta, dagaci ya tara haraji da jangali, hakimi ya haɗa na gundumarsa, a ɗauka a kai baitulmali a birnin Kano. Ɗan doka, alƙali da gidan yari duk na En'e ne. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, aka naɗa Audu Bako gwamna, sai aka shiga rage wa En'e ƙarfi: kotuna suka koma hannun gwamnatin jiha, 'yan doka da gidajen yari suka koma na tarayya.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, ta kuma ayyana su a matsayin mataki na uku na gwamnati, masu haƙƙi a kuɗin tarayya. Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ta samu 20, Gwarzo na cikinsu. Kabo ta samu tata sakatariyar a ƙare-ƙaren da gwamnatocin soja suka yi daga baya, har adadin na Kano ya kai 44 a 1996, na ƙasa baki ɗaya 774. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000.

Jamhuriya ta biyu ce ta fara nuna wa jama'a inda wuƙa da nama suke. Tsarin mulkin 1979 ya ce sai zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma ya bar wa jihohi rubuta dokar da za ta tabbatar da haka. Har sojoji suka dawo a ƙarshen 1983 gwamnoni na tafiyar da su ne da naɗaɗɗun kwamitoci. A Kano, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali da hawanta a 1979. Talaka ya yi murna, kuma yana da hujja, domin ya san yadda ake sayar da akuya ko damin hatsi a biya kuɗin ƙasa. Sai dai wannan haraji shi ne babbar hanyar kuɗin shiga da mulkin karkara ya gada. Daga ranar ido ya koma kan abin da za a turo daga sama, kuma wanda ke tsakanin sama da ƙasa shi ne gwamnatin jiha. Rimi ne kuma ya fara ɗaga darajar Ƙaraye, Rano, Gaya da Dutse a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya rushe aikin a 1983. Abin da ya faru a 2019 da 2024 maimaici ne.

Abin mamaki, a ƙarƙashin soja ƙananan hukumomi suka fi shan iska. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi zaɓensu a Disamba 1987 ba tare da jam'iyyu ba, ta rushe ma'aikatun ƙananan hukumomi na jihohi a 1988, ta riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ɗaga kasonsu har ya kai kashi 20 cikin 100 a 1992.

Sashe na 7 da na 162

Tsarin mulkin 1999 ya mayar da hannun agogo baya ta ƙofofi uku. Sashe na 7 ya lamunce zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, amma dokar jiha ce za ta tsara kafuwarsu, fasalinsu, kuɗinsu da ayyukansu. Sashe na 162 ya umarci kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙananan hukumomi zai sauka kafin a raba shi yadda majalisar jiha ta tsara. Sashe na 197 kuma ya kafa hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC a Kano, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta majalisa ta tantance. An ba ƙaramar hukuma ɗaki, an riƙe mukulli.

A lissafin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Amma kafin kason Gwarzo ya iso sakatariyarta, an cire albashin malaman firamare ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, an cire na fansho, na masarauta, na horar da ma'aikata, da na ayyukan haɗin gwiwa. Wasu daga cikin waɗannan cire-cire suna da dalili mai ƙarfi: tsofaffin malamai ba su manta da shekarun da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi ba, suna yin watanni ba a biya su. Titunan kilomita biyar-biyar da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a hedikwatocin ƙananan hukumomi bayan 2011 misali ne na aikin da aka tsara daga Kano. Wasu suka ce ba don haka ba da kuɗin ya narke a aljihu. Wasu suka ce da an tambayi mutumin ƙauye, da hanyar kai amfanin gona kasuwar Getso zai zaɓa, ba tagwayen titi a cikin gari ba.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Ruwan Agusta ya cinye kwalbati, ko famfon tuƙa-tuƙa ya tsaya. Dattawan unguwa su haɗu bayan sallar la'asar, a rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa kansila. Kansila ya hau babur zuwa sakatariya, ciyaman ya karɓa ya ce a buɗe fayil. Daga nan amsar da aka saba ji ita ce, an tura Kano, ana jiran amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. In damina ta wuce ba a ji komai ba, sai matasa su yi gayya, a yi karo-karo a sayi siminti. Kundin tsarin mulki ya ce kwalbati, kasuwa, tasha, maƙabarta, mayanka da kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne. Izinin kashe kuɗin kuwa yana can cikin birni.

Zaɓaɓɓe da kantoma

Wa'adin ciyaman a Kano shekara uku ne, dokar jiha ce ta ce haka. An yi zaɓe a 2004 da 2007 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sai aka yi shekaru ana amfani da shugabannin riƙo har zuwa Mayu 2014. Aka sake yi a Fabrairu 2018 da Janairu 2021, APC mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 44 a duka biyun. Da wa'adinsu ya cika a farkon 2024, gwamnatin NNPP ta naɗa kwamitocin riƙo da amincewar majalisa. A zaɓen 26 ga Oktoba 2024, wanda aka yi cikin umarnin kotuna masu karo da juna, NNPP ta lashe ciyaman 44 da kansiloli 484. Jam'iyya ta canza, sakamako bai canza ba.

'Yan yankin nan ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya riƙe ƙaramar hukumar Gwarzo kafin ya zama mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2011. Murtala Sule Garo ya yi ciyaman na Kabo, ya shugabanci ƙungiyar ciyamomi ta jihar, sannan ya zama kwamishinan ƙananan hukumomi a zamanin Ganduje. Da mulki ya juya a 2023, aka damƙa wannan ma'aikata ga mataimakin gwamna Aminu Abdussalam Gwarzo. Ke nan ma'aikatar da ciyamomi ke jiran amincewarta ta taɓa zama a hannun ɗan Kabo, daga baya ta shiga hannun ɗan Gwarzo, kuma tsarin bai sauya ba. Matsalar ba ta garin da mutum ya fito ba ce, ta yadda aka rubuta doka ce.

Hukuncin 2024 da abin da ya rage

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a saki kuɗi ga wadda kantoma ke riƙe da ita. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Wannan ne ya sa jihohi da dama suka yi rige-rigen shirya zaɓe kafin ƙarshen shekarar. Aiwatar da biyan kai tsaye kuwa ya yi ta jan ƙafa. Ko da ya tabbata, hukuncin bai taɓa KANSIEC ba, bai taɓa ikon majalisa na tsara wa'adi ba, bai kuma hana ta yin dokar da za ta ɗora wa ƙananan hukumomi sabon nauyi ba.

Gyara na dindindin sai an taɓa tsarin mulki, kuma nan ma ɗan Kabo ne, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin, aka ba shugabancin kwamitin gyaran a Majalisar Dattawa ta goma. Amma duk gyara sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma a nan ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi ya mutu a zagayen da ya ƙare a 2023. Waɗanda ake neman rage wa iko su ake jira su kaɗa ƙuri'a.

Majalisar Kano na da wakilai 40, Gwarzo da nata ɗaya, Kabo da nata ɗaya. Ana zaɓensu rana ɗaya da gwamna, kuma yawanci mai zaɓe kan dangwala musu ne a bayan gwamnan da yake so, ba tare da ya tambayi matsayinsu a kan asusun haɗin gwiwa ko hukumar zaɓe ba. In wani sabon gyara ya iso Kano daga Abuja, hannun waɗannan mutum biyu za a ƙirga a madadin mazaɓu irin su Getso, Kutama, Lakwaya, Garo, Gude da Unguwar Tudu. Masu kai ƙorafi gidan kansila suna da ƙofa ta biyu da ya kamata su ƙwanƙwasa, kuma lokacin yin haka shi ne kafin a zauna zaman.