Asalin Kalma: Harka da Sukuni

Idan manomi a Shanono ya ce harkokin damina sun hana shi sukuni, ya ambaci kalmomi biyu da malaman Larabci suka daɗe suna bayanin kimiyya da su. Harka ta fito ne daga "haraka", wato motsi, sukuni kuma daga "sukun", wato tsayawa cik. Da su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin motsin abubuwa a littafinsa Al-Shifa.

Da suka shigo Hausa sai ma'anarsu ta sauya: harka ta koma sha'ani ko sana'a, sukuni ya zama sarari da kwanciyar hankali. Ko a makarantar allo, alamar da Larabawa ke kira sukun, ɗauri ake ce mata.

Shi ya sa malamin kimiyya ke amfani da "motsi", kalmar gida daga "motsa", yana kasa shi huɗu. Amalanken shanu mai ɗauke da buhunan gero yana tafiya gaba, tayarsa tana juyi, lilon yara a reshen darbejiya yana kai-komo, ƙaiƙayin da iska ta ɗebe wurin shiƙa kuwa yana watsuwa barkatai.

Tsayuwa ma sai an auna ta da wani abu. Yaron da ke zaune kan buhunan bai motsa daga kansu ba, amma mai kallo daga bakin gona yana ganin ya yi nisa.