Cibiyar Binciken Tattalin Arzikin Yanki a Jami'a: Aikinta da Yadda Ake Tafiyar da Ita

Cibiyar binciken tattalin arzikin yanki sashe ne da jami'a ke kafawa domin nazarin yadda jama'ar wata jiha ko shiyya ke samun abin zaman duniya: me suke nomawa, me suke ƙerawa, ina suke kai hajarsu, nawa suke samu, kuma a kan me kuɗin ke ƙarewa. Ta bambanta da sashen koyar da ilimin tattalin arziki, wanda aikinsa ɗalibai ne da jarrabawa. Ita cibiya aikinta tattara alƙaluma ne daga gonaki da kasuwanni da gidaje, ta tace su, sannan ta miƙa sakamakon ga hukumomi da 'yan kasuwa da sauran jama'a.

Dalilin kafa ta

Alƙaluman ƙasa baki ɗaya sukan ɓoye bambancin da ke tsakanin yankuna. A rahoton talauci na 2019, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta bayyana cewa kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya, kimanin mutum miliyan 82.9, suna rayuwa a ƙasa da ma'aunin talauci na naira 137,430 a shekara, ban da Jihar Borno da binciken bai haɗa da ita ba. A cikin wannan rahoton, adadin ya haura kashi 87 a Jihar Sakkwato, alhali a Legas bai kai kashi 5 ba. Gwamnan da ya tsara kasafin kuɗin jiharsa bisa kashi 40 ɗin nan na ƙasa ya auna rigar da ba ta jikin jama'arsa ba.

Ko a cikin jiha guda, halin da mai noman rani ke ciki a bakin fadama daban yake da na makiyayi ko na mai shago a birni. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma a 2006 aka yi ta. Wannan giɓin ne cibiyar yanki ke cikewa, domin tana zaune a wurin, ma'aikatanta suna jin harshen jama'a, kuma tana iya komawa ƙauye guda shekara bayan shekara.

Tarihinta a Najeriya

A 1950 aka kafa Cibiyar Binciken Zamantakewa da Tattalin Arziki ta Afirka ta Yamma a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, domin nazarin ƙasashen yankin da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Daga cikinta ne NISER ta fito a 1960, ta ci gaba da zama a inuwar jami'ar har zuwa 1977, lokacin da gwamnatin tarayya ta mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta. Har yanzu hedikwatarta tana Ibadan.

A Arewa, misali mafi shahara shi ne na Samaru. An fara binciken aikin gona a can tun 1922, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe sashen binciken tattalin arzikin karkara a cikinta, ƙarƙashin jagorancin David Norman. Sashen ya zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, waɗanda suka bambanta ta fuskar nisansu da birnin Zariya. Masu tattara bayanai suka riƙa ziyartar magidanta a kai a kai har tsawon shekara, suna rubuta aikin da aka yi a gandu da gayauna, da abin da aka girbe, da abin da aka sayar. Daga baya aka yi irin wannan aiki a ƙasashen Sakkwato da Bauchi.

Sakamakon ya sauya tunanin masana. A wancan zamani ana yi wa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kallon wanda bai waye ba, ana kuma kiransa da ya koma shuka iri guda. Alƙaluman suka nuna cewa haɗin nan ya fi kawo riba idan aka auna shi da ƙarfin aikin da aka zuba, ya kuma fi kare iyali a shekarar da damina ta gaza. Suka nuna kuma cewa babban abin da ke ɗaure manomi shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai. Shi ya sa yake jinkirta shukar auduga sai ya gama da hatsin da zai ci, duk da shawarar malaman gona ta a shuka da wuri. Binciken Emmy Simmons a waɗannan ƙauyuka ya fito da kuɗin da mata ke samu a cikin gida daga sana'ar abinci, irin su fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli, abin da lissafin hukuma bai saba kamawa ba.

Shugabanci da ma'aikata

Bisa al'ada, shugaban jami'a ne ke naɗa darakta daga cikin manyan malamai na wani wa'adi, tare da kwamitin da ke amincewa da tsarin aiki da kasafin shekara. Darakta yana raba lokacinsa tsakanin bincike da neman kuɗi da kare ma'aikatansa daga matsin lamba. A ƙarƙashinsa akwai masana tattalin arziki, da masana ƙididdiga, da mai kula da rumbun bayanai a kwamfuta, da akawun kuɗi. Ɗaliban digiri na biyu da na uku sukan shiga aikin, su samu abin rubuta kundinsu, cibiya kuma ta samu magada.

Ma'aikatan da aka fi mantawa da su su ne masu tattara bayanai a fili, alhali ingancin rahoto a hannunsu yake. Wanda aka tura kasuwa ba a biya shi kuɗin mota ba, yana iya zama a gindin bishiya ya cike takarda da ka. Saboda haka cibiya mai tsari takan horar da su, ta biya su a kan lokaci, ta kuma sa mai dubawa ya koma wasu gidajen ya tabbatar da abin da aka rubuta.

Hanyoyin samun kuɗi

Jami'a takan biya albashi ta ba da ofis, amma kuɗin fita fili daga waje yake zuwa. Akwai Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin Asusun Harajin Ilimi na 1993, kuma yana da kason bincike na ƙasa da malamai ke nema ta hanyar gasa. Akwai tallafin ƙungiyoyin ƙasashen waje, sai kuma aikin kwangila, inda gwamnatin jiha ko banki ko kamfani ke biyan cibiya ta yi masa nazari.

Kowace hanya da haɗarinta. Tallafin waje yakan zo da tambayar da mai bayarwa ya zaɓa, kuma yana ƙarewa bayan 'yan shekaru. Aikin kwangila yakan ja masana daga bincike mai dogon zango zuwa rahoton gaggawa. Mafita ita ce a raba ƙafa, kada a dogara ga majiɓinci ɗaya, a kuma ware wani kaso daga kowace kwangila domin ci gaba da tattara alƙaluman yau da kullum, ko da ba wanda ya nema.

Alƙaluma masu ɗorewa

Dukiyar cibiya ita ce jerin alƙaluman da bai yanke ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun naira sakamakon sauya fasalin kuɗi, sannan a ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da janye tallafin man fetur. Duk mai son sanin abin da waɗannan matakai suka yi wa farashin hatsi a Dawanau, ko cinikin dabbobi a kasuwannin kan iyaka, dole ya kasance yana da farashin makonnin da suka gabaci matakin. Wanda ya fara rubutu bayan abin ya faru ba shi da abin kwatantawa.

Aikin yana da ƙananan tarkuna. Mudu da tiya da kwano ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, buhu ma haka, don haka sai an ɗora su a sikeli an mayar da su kilo. Manomi ya san gonarsa da yawan damin da take bayarwa, ba lallai ya san hektarta ba, sai an auna. Yajin aikin malaman jami'o'i, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, yana iya cinye damina guda cur, kuma daminar da ta wuce ba a dawo da ita.

Amana da 'yancin faɗin gaskiya

Magidanci ba ya faɗa wa baƙo abin da ke rumbunsa, musamman idan yana zargin haraji ake shirin ɗora masa. Cibiya takan bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, ta bayyana manufarta, ta nemi yardar kowane mai amsawa, ta kuma ɗauki mata ma'aikata domin shiga cikin gida. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su, don haka akan cire sunaye kafin a fitar da alƙaluma.

Gwaji mafi tsanani yana zuwa ne ranar da sakamako ya saɓa wa wanda ya biya. Idan nazari ya nuna cewa takin da aka raba bai isa ga ƙananan manoma ba, ko sabon harajin kasuwa ya kori 'yan kasuwa zuwa maƙwabciyar jiha, akan so a sassauta. Kariyar cibiya ita ce yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun farko, mai ba ta ikon wallafa abin da ta gano, tare da bayyana wanda ya ba da kuɗin da hanyar da aka bi wajen binciken. Cibiyar da ta gyara alƙalumanta sau ɗaya don faranta wa wani, ta jefa shakku a kan duk rahotannin da ta taɓa fitarwa.

Isar da sakamako

Rahoton da ya kwanta a kabad bai amfani kowa ba. Kwamishinan kasafin kuɗi yana bukatar taƙaitaccen bayani tun kafin a kai kasafi majalisar dokokin jiha. Ƙungiyar manoma da ta 'yan kasuwa sun fi samun saƙo ta rediyo da harshensu. Akwai kuma haƙƙin ƙauyen da aka yi binciken a cikinsa: a koma, a tara jama'a a ƙofar dagaci, a faɗa musu abin da aka gano daga amsoshinsu. Mutanen da aka yi wa haka su ne ke sake buɗe ƙofa idan masu tattara bayanai suka dawo baɗi.