GOBARAR WINDSCALE DA ASALIN SUFETOCIN NUKILIYA A INGILA

A cikin shekarar 1954 Gwamnatin Ingila ta kafa Hukumar Ƙarfin Nukiliya, ta danƙa mata dukan al'amuran wannan sabon ilmi. Ita ce mai gina ma'aikatu, ita ce mai tafiyad da su, ita ce kuma mai duba ko akwai haɗari a cikinsu. A zamanin nan mutane kaɗan ne suka ga aibin wannan tsari, gama masanan abin kusan dukansu ma'aikatan Hukumar ne, mai ɗaki kuwa, in ji masu magana, shi ya san inda ya ke masa yoyo. Abin da ya sāke wannan ra'ayi shi ne gobarar da ta tashi a Windscale cikin 1957.

Windscale tana lardin Cumberland ne, a bakin teku, arewa maso yamma da ƙasar Ingila. A nan aka gina murahun nukiliya biyu, na fari ya soma aiki cikin 1950, na biyu cikin 1951, don samun fulutoniyam na ƙera bom. Dab da su kuma a ke da tashar Calder Hall mai ba da wutar lantarki, wadda Sarauniya Elizabeth ta buɗe cikin Oktoba, 1956. Kowane murhu an gina cikinsa da tubalan girafait, watau irin baƙin abin nan da a ke sawa cikin fensir, an huda su an zura sandunan yuraniyam. Da iska a ke sanyaya shi, manyan fankoki su hura ta, ta fice ta wani bututun hayaƙi mai tsawon ƙafa kamar 400. Tun ana gini, Sir John Cockcroft ya nace sai an sa rariya a kan kowane bututu. Injiniyoyi suka ga ɓarnar kuɗi ce, har suka riƙa kiran abin wautar Cockcroft.

Shi girafait yana da wata ɗabi'a. In ya daɗe cikin murhu sai ya tara wani ƙarfi a jikinsa, wanda in aka ƙyale shi yana iya ɓarkewa da zafi farat ɗaya. Saboda haka a kan ɗumama murhun da gangan loto-loto, don ƙarfin ya fita sannu a hankali. Ran 7 ga Oktoba, 1957, aka soma wannan aiki a murhu na fari. Da ma'aikata suka ga kamar zafin bai game ko'ina ba, sai suka sāke ɗumamawa kashegari. Ashe ma'aunan zafi ba a inda zafin ya fi taruwa su ke ba. Ba a farga ba sai ran 10 ga wata, sa'ad da aka leƙa aka tarad da sandunan yuraniyam sun yi ja wur.

Aka yi ta dabaru, wuta ba ta mutu ba. Tom Tuohy, mataimakin manajan wurin, ya riƙa hawa kan murhun da kansa yana leƙa wutar. Da safiyar 11 ga wata aka kwarara ruwa, ko da ya ke ana tsoron kada ruwan ya haɗu da narkakken ƙarfe wurin ya fashe. Sa'an nan Tuohy ya sa aka tsai da fankokin, wuta ta rasa iska, ta lafa. Rariyar da aka yi wa dariya ta tare guba mai yawa, amma duk da haka wata ta fita, musamman irin aidin mai guba. Wannan ya kan sauka kan ciyawa, shanu su ci, ya shiga madara, yara su sha, ya taru cikin kaluluwar maƙogwaro wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Don haka aka hana sayad da madarar gonakin da ke cikin murabba'in mil kamar 200, aka yi ta zubad da ita, a waɗansu wurare har fiye da wata guda.

To, wa zai binciki abin? Aka naɗa Sir William Penney, wanda shi kansa yana cikin shugabannin Hukumar. Ya gama cikin 'yan kwanaki, ya miƙa rahoto ran 26 ga Oktoba, bai kuwa ɓoye kasawar kayan awo da raunin tsarin aiki ba. Amma Firayim Minista Harold Macmillan yana neman Amurka ta yarda ta raba asirin makaman nukiliya da Ingila, yana gudun kada rahoton ya ɓata wannan shiri. Sai ya hana a buga shi, aka fitad da taƙaitaccen bayani, wanda ya sa jama'a suka ɗauka kuskuren ma'aikatan murhu ne kawai. Yarjejeniya da Amurka ta tabbata cikin 1958. Rahoton Penney kuwa bai fito fili ba sai cikin 1988.

Duk da haka gobarar ta bar gado. Aka sa Sir Alexander Fleck ya duba tsarin Hukumar, cikin 1959 kuma Majalisa ta yi dokar da ta ce ba mai gina murhun nukiliya ko ya tafiyad da shi sai da lasin daga Minista, da inshora don biyan diyya. Cikin 1960 aka kafa ofishin sufetocin ma'aikatun nukiliya. Tashoshin Berkeley da Bradwell, da suka soma ba da lantarki cikin 1962, ƙarƙashin idon waɗannan sufetoci suka fara aiki.

Amma gyaran ragagge ne ta fuska biyu. Na fari, dokar ta keɓe ita Hukumar da gobara ta tashi a gidanta, ba ta bukatar lasin, ba a kuwa janye wannan gata ba sai cikin 1990. Na biyu, sufetocin suna ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi ne, wadda babban burinta a gina tashoshi da sauri. Sai cikin 1975 aka mai da su ƙarƙashin hukumar kula da lafiyar ma'aikata da kiyaye haɗari, cikin 2014 kuma suka zama hukuma mai zaman kanta bisa doka.

Ba Ingila kaɗai ta bi wannan doguwar hanya ba. Amurka ta raba hukumarta biyu da dokar 1974, sabuwar hukumar sa ido ta soma aiki cikin 1975. Japan kuwa sai da haɗarin Fukushima ya auku cikin 2011, sa'an nan ta cire masu sa ido daga ma'aikatar ciniki da masana'antu cikin 2012, alhali yarjejeniyar ƙasashe ta 1994 ta riga ta bukaci a raba mai sa ido da mai tallata sana'ar.

Ma'aikatan Windscale ba jahilai ba ne, ba kuwa maha'inta ba. Gwanaye ne da aka ɗora wa aikin gaggawa, aka kuma ce su auna kansu da kansu, laifi kuwa tudu ne, kowa ya kan taka nasa ya hango na wani. Daga gobarar zuwa ranar da sufetocin Ingila suka sami cikakken 'yancin kansu, shekara 57 ke nan.